Wata nawa ya kamata yaro ya taka, kuma da me ake aunawa?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masu ilimin abin. Jadawalin girman yara uku na gani, kowanne da bakinsa. Ɗaya ya ce tafiya a wata 12, ɗaya ya ce 15, na uku ya ce sai yaro ya kai wata 18 bai taka ba sannan a damu. Rarrafe ma haka, wani ya sa shi a wata 9, wani ko ambatonsa bai yi ba. To wanne za a kama? Su likitoci da me suke gane cewa yaro na kan hanya ko ya yi baya?

Hajiya Kaka: Wa alaikumus salam. 'Yata, ajiye takardun nan ki huta. Kowane yaro da lokacinsa. Na ga wanda ya taka tun bai shekara ba, na ga wanda ya kusa shekara biyu yana jan gindi, yau duk ga su nan ba a kama su a gudu. Ku yaran zamani waya ce ke sa muku hawan jini.

Likitar Gashi (mai gashin gaɓɓai): Hajiya barka da war haka. Maganarku da gaskiya a ciki, amma ku bari in warware wa 'yar'uwa jadawalin tukuna, don babu wanda ya yi ƙarya a cikin ukun. Abin da kowanne yake aunawa ne daban.

Wata 12 tsaka-tsaki ne. Idan aka jera yara 100, kusan rabinsu sun taka a wannan lokaci, rabi ba su taka ba. Kin ga ke nan wanda ya ɗauki 12 a matsayin wa'adi ya tayar wa rabin iyayen duniya hankali a banza. Wata 15 kuwa ya fito daga gyaran da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi tare da ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar a 2022. Sun koma rubuta abin da aƙalla yara 75 cikin 100 suke iyawa a kowane mataki, don idan yaro bai iya ba a san cewa akwai dalilin dubawa. A can ne suka sa 'yan taku kaɗan a wata 15, tafiya ba tare da riƙe komai ba a wata 18. A wannan gyaran ne kuma aka cire rarrafe.

Wata 18 shi ne iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara 816 a ƙasashe biyar, Gana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, aka fitar da sakamakon a 2006. Zama ba jingina ya kama daga wata 3.8 zuwa 9.2. Rarrafe da hannu da gwiwa daga 5.2 zuwa 13.5. Tsayuwa ba riƙo daga 6.9 zuwa 16.9. Tafiya shi kaɗai daga 8.2 zuwa 17.6. Duk lafiyayyun yara ne. Dubi tazarar tafiya, ta wuce wata tara tsakanin mai sauri da mai nawa. Kuma kimanin yara 4 cikin 100 ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam, suka miƙe abinsu.

Uwar Biyu: Allah ya saka da alheri Anti. Ashe dai lissafi ne kowa da inda ya ja layinsa.

Malam Gardama: Ni fa ina da ja. Duk waɗannan gwaje-gwajen a ƙasashen Turawa aka ƙirƙiro su, da yaransu aka auna. A ɗauko akwatin gwaji a ce wa yaro ya hau matakalar bene, alhali bai taɓa ganin bene ba, ko a miƙa masa almakashi wanda a gidansu ko taɓawa ba a barinsa ya yi, ya kasa, a rubuta ya yi baya. Wannan awon yaro ne ko awon kayan gidansu?

Likitar Gashi: Malam, rabin maganarka na karɓa hannu bibbiyu. Matsalar da ka faɗa masana sun daɗe da saninta. A 1976 wani masani, Charles Super, ya wallafa bincikensa a kan jariran ƙabilar Kipsigis a Kenya, ya ga suna riga jariran Amurka zama da tafiya da kusan wata guda, saboda iyayensu na koya musu waɗannan biyun da gangan. Abin da ba a koya musu ba, kamar rarrafe, ba su riga kowa ba. Wato abin da aka ba yaro damar yi yana nunawa a sakamako. Shi ya sa aka tsara wasu gwaje-gwajen a Afirka da kayan da yara suka saba gani, kamar na Malawi da aka fitar a 2010. Mai gwajin da ya san aikinsa kuma yakan tambayi uwa ko yaron ya taɓa samun damar yin abin kafin ya rubuta cewa ya kasa.

Inda muka rabu shi ne, wuyan da bai tsaya ba a wata 5 ba ruwansa da bene. Hannun da ke dunƙule kullum ba ruwansa da almakashi. Binciken ƙasashe biyar ɗin nan ma ya nuna bambancin da ke tsakanin ƙasa da ƙasa bai kai na tsakanin yaro da yaro a ƙasa ɗaya ba, shi ya sa aka haɗa su a ma'auni guda.

Malam Gardama: To na ji. Amma har yanzu ina ganin ana saurin liƙa wa yara suna.

Sista Mai Awo: Malam, a nan ne mutane ke cakuɗa abu biyu. Akwai gwajin tacewa, akwai gwajin tabbatarwa. Na tacewa kamar rariya yake, yana tare wanda ya kamata a sake dubawa, kuma dole ya tare wasu da lafiyarsu lau. Irinsa ne gwajin Denver da aka fara a 1967 aka sabunta a 1992, da takardar tambayoyi ta ASQ wadda uwa ko uba ke cikewa da kansu. Ba ɗayansu da ke faɗin sunan ciwo. Idan yaro bai wuce ba sai a tura shi gwaji mai zurfi irin na Bayley, wanda ƙwararre ke zama da yaro ya yi, ana yi wa yara har wata 42. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a riƙa yin na tacewa a wata 9, 18 da 30 ko da ba a ga komai ba.

Ni abin da ke ba ni takaici shi ne a kawo yaro awo, a ɗora shi a sikeli, a rubuta nauyi, a sallame shi, ba wanda ya ce a ajiye shi ƙasa a ga yadda yake motsi. Minti biyu ne fa.

Baban Bakwaini: Salam. Tawa 'yar an haife ta a sati 32. Yanzu watanta 8, tana birgima, tana kai hannu ta ɗauki abu, amma idan an zaunar da ita sai ta kife. Uwarta ko barcin kirki ba ta yi.

Sista Mai Awo: Yaya, ka gaya wa uwarta ta gyara lissafi. Cikakken ciki sati 40 ne, ita ta zo a 32, ta riga lokaci da sati 8, wato wata biyu. Cire su, a wajen awon motsi 'yar wata 6 ce. 'Yar wata 6 da ke birgima, tana kai hannu, ba ta gama zama ba, wannan daidai ne. Ana yin wannan ragin har ta shekara biyu. Sai dai kada ku fasa zuwa asibitin da ke bibiyarta, don bakwaini ya fi sauran yara haɗarin samun matsalar motsi, ido a kanta ya fi na kowa.

Likitar Gashi: Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da muke kallo idan an kawo jariri, don ku ga cewa watan da ya yi abu ba shi ne babba a wurinmu ba. Yadda yake yin abin shi ne.

Ina kwantar da shi rigingine in kama hannayensa in jawo shi a hankali zuwa zaune. Ɗan wata ɗaya kansa zai langaɓe baya, wannan ba komai. Ɗan wata 4 zuwa 5 ya kamata kan ya biyo jiki, har ka ga yana ɗan tankwasa gwiwar hannu yana taya ka. Sai in riƙe abin wasa daidai tsakiyar ƙirjinsa, ba dama ba hagu, in ga wane hannu zai zo, in sake, in sake. Ina duba tafinsa, a buɗe yake ko kuwa babban yatsa na cikin dunƙule har bayan wata 4. In ɗaga shi ta hammata in ji ko yana sulɓewa laƙwas ta tsakanin hannayena, ko kuwa ƙafafun sun sanƙare sun harɗe da juna. In kifa shi rub da ciki in ga yadda yake ɗaga kai da ƙirji, da ko nauyinsa na kan hannu biyu daidai. Akwai ma'aunin Alberta na 1994 mai matakai 58 a kwanciyar ciki, kwanciyar baya, zama da tsayuwa, wanda kusan duk kallo ne, ba ka cika taɓa yaron ba, ka bar shi ya yi abin da ya saba.

Akwai ma gwajin da ake yi da wuri fiye da wannan. Wani masani, Heinz Prechtl, wanda ya yi aiki a birnin Graz na Ostiriya, ya gano cewa jariri tsakanin wata 3 zuwa 5 yana da wani ƙaramin mutsu-mutsu, wuya da kafaɗa da wuyan hannu da idon sawu suna ɗan jujjuyawa ba tsayawa idan yana farke cikin natsuwa. Ana ɗaukar bidiyo na 'yan mintuna, wanda aka horar ya kalla. Rashin wannan mutsu-mutsun na daga cikin alamun da suka fi ƙarfi wajen hango shanyewar gaɓɓai ta dalilin ƙwaƙwalwa, tun yaro bai kai lokacin zama ba balle tafiya. Ana yi wa bakwaini, da wanda ya daɗe bai yi kuka ba bayan haihuwa, da wanda shawara ta kama shi da tsanani.

Maman Auta: Ikon Allah. Ni nawa dai ba ruwansa da nawa, watansa 8 ya zauna daram. Har mun gane bahago ne irin babansa, komai da hagu yake ɗauka, dama ko kulawa ba ya yi.

Likitar Gashi: 'Yar'uwa, Allah ya raya shi. Zan roƙe ki abu ɗaya, kada ki ji tsoro kuma kada ki share. Yaron da bai shekara ba bai kamata ya zaɓi hannu ba tukuna, biyun yake amfani da su. Bahagon gaske sai wajen shekara biyu zuwa uku yake bayyana. Idan ɗan wata 8 ya yi watsi da hannu ɗaya, mukan duba wanda ya bari ɗin, ko da rauni ko ƙagewa a cikinsa. Ki gwada yau: riƙe hagun a hankali, ki miƙa masa abin da yake so ta dama. Ki ga ko yana buɗe tafin, ko yana kai abin baki, ko yana sauya abu daga wannan hannu zuwa wancan. Ki ɗauki bidiyo. Ko ya yi ko bai yi ba, ki nuna wa likitan yara cikin kwanakin nan, ba sai ranar rigakafi ta zagayo ba.

Maman Auta: Gaskiya damar takan zauna a dunƙule. Zan kai shi in sha Allah.

Hajiya Kaka: Kun gani ko? Yarinya ta shigo da murnarta an sa ta fargaba. Wannan shi nake gudu.

Sista Mai Awo: Hajiya ku yi haƙuri, ku iyayenmu ne. Yaran da kuka ce sun makara kuma yau suna gudu, gaskiya ne, su suka fi yawa. Musamman masu jan gindi, an san suna jinkirin tafiya, wasu har su wuce wata 18, kuma abin yakan bi gida, ka tarar uba ko uwa haka suka yi. Amma wanda bai tashi ba, ba ya cikin labarin da ake bayarwa, shi yana ɗaki. Idan an duba ɗan Maman Auta ba a ga komai ba, asarar wuni guda ta yi. Idan akwai abu, gashi a wata 8 ba ɗaya yake da gashi a shekara 3 ba, don ƙwaƙwalwar jariri ta fi karɓar horo, gaɓar ma ba ta riga ta ƙage ba.

Abu biyu kuma ko ku na san ba za ku ce a jira ba. Na farko yaron da ya iya abu sannan ya daina, yana zama ya koma faɗuwa, yana tafiya ya koma rarrafe. Wannan ba nawa ba ne, asibiti ne kai tsaye. Na biyu ɗa namiji da ya kai wata 18 bai taka ba, ko ya taka amma yawan faɗuwa, ba ya iya gudu ko tsalle kamar sa'anninsa. Ana yi masa gwajin jini na CK, wani sinadari da ke fitowa daga tsoka, saboda ciwon lalacewar tsoka na Duchenne, wanda ke samun kusan namiji ɗaya cikin 3,500 zuwa 5,000. Ku zaunar da ɗan shekara 3 ko 4 a ƙasa ku ce ya tashi. Lafiyayye zumbur zai miƙe. Mai wannan ciwon sai ya juya ya kifa, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya ɗaga ƙugu sama, sannan ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, yana hawa jikinsa da hannu har ya miƙe. Abin da ke ruɗin iyaye shi ne sha-raɓarsa takan yi kauri, sai a ce ai ga ƙafa nan ta ƙarfi.

Hajiya Kaka: Wanda ya iya ya daina kam ba a zama da shi, wannan ko a da an sani. Amma ku ma ku yarda tsoron nan na da nasa sharrin. Shi ke sa uwa ta saya wa ɗan wata shida keken koyon tafiya ta jefa shi ciki tun safe don kada a ce ɗanta ya yi baya.

Likitar Gashi: A nan kam Hajiya bakinmu ɗaya. Keken nan ba ya koya tafiya. Yaro na rataye a ciki, yana tura ƙasa da kan yatsu, bai ga ƙafarsa ba, bai koyi faɗuwa da tashi ba. Ga haɗarin gangarawa daga matakala da kai hannu ga abu mai zafi. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Abin da jariri ke buƙata shimfiɗa ce a ƙasa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce wanda bai fara motsawa ba ya samu aƙalla minti 30 a yini yana kife a kan ciki, a rarrabe, yana farke kuma ana kallonsa, kada kuma a ɗaure shi a kujera ko keken turawa fiye da awa ɗaya a jere. Barci dai a rigingine.

Malamar Aji: Duk maganar jarirai ake, mu masu 'yan shekara 4 da 5 fa? Akwai yaro a ajina, baki kamar me, amsa tambaya ba a riga shi, amma fensir ya gagare shi. Yana damƙe shi da dukan hannu, yana dannawa har takarda ta yage. Maɓallin rigarsa sai an saka masa. Idan an jefa masa ƙwallo sai ta bugi ƙirjinsa sannan ya rufe hannu. Iyayen sun ce sakarci ne.

Likitar Gashi: Malama, yaron da ke danna fensir har takarda ta yage ƙoƙari yake, sakarai ba ya wahalar da kansa haka. Ki gwada shi cikin wasa, ba a gaban aji ba. Zana da'ira ki ce ya kwaikwaya, yawancin 'yan shekara 3 suna iyawa. Layi biyu da suka gitta juna wajen shekara 4, murabba'i tsakanin 4 da 5, mai kusurwa uku sai wajen 5. Ɗan shekara 4 yakan iya tsalle da ƙafa ɗaya, ya kama babbar ƙwallo yawancin lokuta. Ki lura ko duka ɓangarorin jikinsa ɗaya suke.

Kafin komai a duba idonsa, don yaron da ba ya ganin ƙwallo da kyau ba zai kama ta ba. Ki kuma tambayi iyayen ko ana barinsa ya saka kayansa da kansa, maganar Malam Gardama ce ta ɗazu, wanda kullum ake yi wa ba zai iya ba. Idan ido lafiya, an ba shi dama na 'yan watanni, abin bai motsa ba, akwai lalurar rashin daidaita motsi da ke samun yara 5 zuwa 6 cikin 100 na 'yan makaranta, kuma ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Ba a cika tabbatar da ita kafin shekara 5 ba, don a wannan shekarun yara na canzawa da sauri. Gwajin da aka fi yi mata shi ne Movement ABC, ana duba aikin yatsu, jifa da cafkewa, da tsayuwa daidai. Kafin nan ki ba shi fensir mai kauri, ki bar shi ya yi zane a tsaye a jikin allo, ki rage masa yawan kwafe.

Malam Gardama: Ɗan ƙanwata mai shekara 2 da rabi a kan yatsu yake tafiya, shi ma sai an kai shi?

Likitar Gashi: Ka duba abu uku. Idan ya tsaya cik, diddigensa na sauka ƙasa? Idan yana kwance ka tura tafin ƙafar sama, tana lanƙwasuwa cikin sauƙi ko akwai tauri? Ƙafa biyu yake yi ko ɗaya? In diddige na sauka, ƙafa da laushi, biyun yake yi kuma ba kullum ba, yawanci sabo ne da ke wucewa, sai a sa ido zuwa shekara 3. In ƙafa ɗaya ce, ko agarar ta yi tauri, ko maganarsa ma ta yi baya, ku kai shi a wannan watan.